Tambaya da Amsa: In riƙa sa sudo a farkon kowane umarni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, wata biyu ke nan da na ɗora Ubuntu a laftof ɗina. Duk sanda na zo saka manhaja ko gyara wani fayil sai ta ce min "Permission denied", wato ba ni da izini. Abokina ya ce in riƙa rubuta sudo a farkon kowane umarni, na gwada kuma ya yi. Akwai matsala idan na ci gaba a haka? Kuma me ya sa ba na ganin kalmar sirrina idan ina bugawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ta biyun mai sauƙi ce. Da gangan ake ɓoye kalmar sirrin, don wanda ke tsaye a bayanka kada ya ƙirga yawan haruffan. Taka ta shiga kwamfuta ce ake nema. Ka buga ta, ka danna Enter.

Ta farkon kuwa, shawarar abokinka tana aiki, amma ina roƙonka ka bar ta.

A Linux, tsarin da aka gina Ubuntu a kansa, akwai asusu guda mai suna root, lambarsa 0. Shi ne maigida, babu ƙofar da ke rufe gare shi, kuma in ya ce a goge abu ba a tambayarsa dalili. Tun fitowar Ubuntu a 2004 aka kulle shiga wannan asusu kai tsaye. Abin da aka ba ka shi ne sudo, wato aron makullin maigida don aiki ɗaya, ka gama ka mayar. Bob Coggeshall da Cliff Spencer ne suka fara rubuta shi wajen 1980 a jami'ar jihar New York da ke Buffalo a Amurka, don mutane da yawa su yi aiki a kwamfuta ɗaya ba tare da an raba wa kowa kalmar sirrin root ba. Idan ka yi amfani da shi sau ɗaya, Ubuntu za ta ƙyale ka na minti 15 ba ta sake tambaya ba. In za ka tashi ka bar laftof a buɗe, rubuta sudo -k, izinin ya faɗi nan take.

Wurin sudo sananne ne: saka manhaja da sudo apt install, sabunta tsarin, gyara fayilolin da ke cikin /etc (foldar saitunan tsarin), kunna ko kashe wata hidima. Amma duk abin da ke cikin foldarka ta gida naka ne, ba ka buƙatar aron makulli don shiga ɗakinka. Idan ka ƙirƙiri fayil a can da sudo, ya zama mallakin root, gobe ka zo gyarawa ya ƙi, ka sake sa sudo, haka abin zai yi ta yaɗuwa. Ina zaton ma wasu daga cikin "Permission denied" ɗin da kake gani yanzu daga nan suka samo asali. Rubuta ls -l ka duba. In ka ga root a gefen fayilolinka, umarnin sudo chown zai dawo maka da su.

Akwai wanda ya taɓa kawo min laftof ana saura kwana uku ya miƙa aikin kammala karatunsa. Ya gaji da saƙon hanin nan, sai ya kwafo sudo chmod -R 777 / daga intanet, wai don ya buɗe komai gaba ɗaya. Umarnin ya bi dukkan fayilolin tsarin ya sauya izininsu, har da na sudo ɗin kansa, wanda daga nan ya ƙi aiki sam. Na ga yadda hannunsa ke rawa a kan madannai. Da filashi muka tayar da kwamfutar, muka kwashe aikinsa, muka sake ɗora Ubuntu daga farko. Da bai sa sudo ba, da ɓarnar ba ta wuce fayilolinsa ba.

Don haka idan saƙon ya fito, ka tsaya ka tambayi kanka: fayil ɗin wa nake shirin taɓawa? Umarnin da ba ka san aikinsa ba, duba shi tukuna da umarnin man, mai nuna bayanin umarni, musamman mai ɗauke da rm -rf ko dd, waɗanda ke iya shafe fayiloli. Fayil ɗin /etc/sudoers kuma, wanda ke ƙayyade masu izini, kada ka buɗe shi sai da sudo visudo, domin shi yana duba kuskure kafin ya adana, harafi ɗaya a can na iya rufe ka a waje. In kuma ka tabbata umarnin na buƙatar izini amma ka manta, ba sai ka sake bugawa ba, rubuta sudo !! zai maimaita na ƙarshen.