Zauren Tambayoyi: Kayan sanyin ɗalibi mai tafiya Kanada

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yaron wajena ya sami gurbin karatu a Jami'ar Manitoba da ke birnin Winnipeg, zai tashi ƙarshen watan Agusta. Ina da niyyar shiga Ƙofar Wambai in cika masa akwati da rigunan sanyi. Guda nawa za su ishe shi? Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa a tafi a sa'a. Shawararmu ita ce kada ki cika akwatin. Winnipeg na cikin birane mafi sanyi a Kanada. A watan Janairu ma'auni kan sauka zuwa digiri 20 ko 30 ƙasa da sifili, idan iska ta taso kuma jiki ya ji kamar 40 ƙasa da sifili. A irin wannan rana fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin mintuna 5 zuwa 10. Yawancin rigunan da ake kawo mana gwanjo ba don wannan aka ɗinka su ba, ga cin wuri, alhali galibin tikiti akwati biyu ne masu kilo 23 kowanne. A duba tikitinsa a tabbatar.

Sa'ar da aka yi, a Satumba sanyin bai kankama ba, dusar ƙanƙara sai wajen Nuwamba take zama. Don haka abubuwa biyu a can zai saye su, ki ba shi kuɗinsu a hannu: babbar rigar sama mai hula, wadda aka cusa wa gashin agwagwa ko makamancinsa, mai sauka har cinya, da takalmin ƙanƙara mai rufe idon sawu, wanda ruwa ba ya ratsawa, mai kaushin tafi saboda santsi. Ya saya cikin Oktoba, kada ya jira ranar da sanyi zai kore shi kasuwa. Idan kuɗi sun yi wuya, akwai shagunan gwanjo irin su Value Village. Takalmin ya ɗara ƙafarsa kaɗan, domin wanda ya matse yana hana jini gudu, yatsu su fi saurin sandarewa.

Abin da za ki haɗa daga gida shi ne na ciki, domin can sutura hawa uku ake yi. Hawan farko mai manne wa jiki: riga mai dogon hannu da dogon wando na ulu ko na roba irin na 'yan ƙwallo, saiti uku. A nan ne ɗalibanmu suka fi yin kuskure, sai su sa singiletin auduga. Auduga tana shan gumi ta riƙe. Yaro zai yi sauri ya kamo bas, ya yi zufa a cikin mota mai ɗumi, yana sauka jiƙaƙƙiyar rigar ta huce a jikinsa. Hawa na biyu suwaita ce, uku sun isa, gara a sami mai zif ko da ɗaya, saboda azuzuwa da ɗakunan kwana duk akwai na'urar ɗumama wuri, yana shiga zai buƙaci ragewa. Na uku ita ce babbar rigar da muka ambata.

Sai safar ulu mai kauri ƙafa shida, hular sanyi mai rufe kunne guda biyu, abin naɗe wuya ɗaya, safar hannu biyu don ɗaya ba ta daɗewa take ɓata. Wandon jins uku, amma ya sani jins shi kaɗai ba ya tare iska sai da na ciki. Kayan ciki na mako biyu, saboda injin wanki sau da yawa na kuɗi ne. Ki sa masa man kaɗanya a babban akwati, a ɗaure cikin leda: iskar ɗaki mai ɗumama busasshiya ce, tana tsaga leɓe da dunduniya fiye da hunturunmu. Suwaita ɗaya ta zauna a jakar hannu.

TAMBAYA: Ɗana ma zai tafi karatu Kanada. Mahaifiyarsa ta ɗinka masa shadda kala takwas, ta haɗa masa har da dutsen guga da kilishi. Duk ya tafi da su? Daga wani uba a Zariya.

AMSA: Alhaji, a rage zuwa kala biyu ko uku da hulunansu, don Juma'a da Sallah, a ƙara jallabiya ɗaya ta zaman ɗaki. A sa tela ya saki wandon yadda na sanyi zai shiga ƙarƙashinsa. Kada ya jefa shadda ko suwaitar ulu a injin busar da kaya: zafin yana kashe ƙyallin shadda, ulu kuma ya tsuke, sai dai ya shanya a ɗaki. Dutsen guga a bar shi gida, wutar Kanada bolt 120 ce, tamu 230, ba zai yi zafin kirki ba, bakin soket ɗin ma daban ne. Kilishi kuwa nama ne, za a ƙwace shi a filin jirgi. Duk wani abin ci da ya ɗauka, ko yaji ne ko kuka, ya bayyana shi ga jami'an kwastan, domin ɓoyewa tana jawo tara.