Ba zan sa hannu a takardar nan ba tukuna

Ƙanena, na ga sakamakon da ka ajiye mini a tebur, da tambayar da ka rubuta a gefe: tunda sabon maganin bai danne ko ɗaya daga cikin enzayim ɗin hanta masu sarrafa magani ba, me zai hana mu rubuta cewa ba ya karo da wasu magunguna, mu wuce?

Aikinka ya yi kyau, hannunka ya fara faɗawa. Magungunan da aka san suna danne enzayim sun yi aikinsu: ketokonazol ya danne enzayim CYP3A4, kwinidin ya danne CYP2D6, wato maikurosom ɗin (ɓurɓushin ƙwayoyin hanta masu ɗauke da enzayim) da ka ciro daga firiza lafiyarsu lau. Sai dai ka zuba komai lokaci guda ne, maganinmu da midazolam (wanda CYP3A4 ke sarrafawa) da NADPH (sinadarin da enzayim ke buƙata kafin ya yi aiki), ka auna. Wannan gwajin yana kama maganin da ke tare ƙofa nan take ne kawai.

Akwai maganin da ba ya nuna halinsa sai enzayim ya fara sarrafa shi. Abin da ya fito daga sarrafawar ne ke manne wa enzayim ɗin, ya kashe shi har abada. Shi ya sa za ka bar maganin da maikurosom na minti 30 a zafin digiri 37, jeri ɗaya da NADPH, ɗaya babu, kafin ka sa midazolam. In IC50, wato yawan maganin da ke rage aikin enzayim da rabi, ya faɗo ƙasa a jerin da ke da NADPH, to da magana. A jikin mutum, ko an daina shan irin wannan magani, sai hanta ta ƙera sabon enzayim, kuma kwanaki ake yi. Mibefradil, maganin hawan jini, haka yake yi wa CYP3A4. An amince da shi a Amurka a 1997, aka janye shi a 1998, bayan masu haɗa shi da wasu magunguna, har da simbastatin na rage kitsen jini, sun sha wuya.

Ɗaya kuma, wanda ya fi damuna a nan ƙasar, maikurosom ba za su taɓa nuna maka shi ba ko ka kwana a kansu. Wani maganin zuga hanta yake yi ta ƙara yawan enzayim, sai ta riƙa cinye sauran magunguna kafin su yi aiki. Wannan sai da ƙwayoyin hanta masu rai, daga mutum uku aƙalla, ana sabunta musu magani kullum na kwana biyu zuwa uku, sannan a auna mRNA, saƙon da ƙwayar ke bi wajen ƙera enzayim. Rifamfisin ne ma'auninmu a nan, kuma ka san shi, wata shida mai tarin fuka ke shansa. Mace tana shansa, tana shan ƙwayar tazarar haihuwa ba fashi, sai ga ciki. Atemeta da lumefantirin na maleriya su ragu a jini. Mai shan dolutegirabiya, maganin ƙanjamau, sai an mayar masa sau biyu a rana. To in namu ma yana da ɗan wannan hali fa? Wanda zai saye shi a kemis ɗin Kubwa ko Nyanya da wuya ka same shi da magani ɗaya a aljihu, ban da jiƙon da ba zai gaya wa likita ba.

Na san ƙwayoyin hantan da tsada, daga waje ake kawo su, ni ma sai na yi ta lissafi kafin in buɗe kwalba guda. Za mu buɗe dai.

Gobe ka fito da asuba kafin cunkoson Mararaba ya riƙe ka. Ka narkar da maikurosom a kan ƙanƙara, kada DMSO, ruwan da muke narkar da magani a ciki, ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari, kuma a CYP3A4 ka ƙara testosteron bayan midazolam, don ba kullum suke ba da amsa ɗaya ba. In an ɗauke wuta, janareton firiza za ka fara dubawa.