Tambaya da Amsa: Allunan Ƙarfen Ƙasar Filifin, a Dogara da Su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Marwa, ƙasar Kamaru. Ƙanena da ke aiki a Jidda ya turo mini hotuna daga wajen abokin aikinsa ɗan Filifin: alluna ne na ƙarfe a manne a bangon gidaje da coci-coci, wai suna ba da labarin yaƙin neman 'yancinsu. Wa ke kafa su? Kuma zan iya dogara da abin da ke jikinsu in koyar da ɗalibaina? Daga mai karatu a unguwar Domayo, Marwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara basira. Gwamnati ce ke kafa su, ta hannun hukumar tarihi ta ƙasa da suke kira NHCP. Baƙin ƙarfe ne ake zubawa, rubutun ya taso a jikinsa yadda ko yatsa ka shafa za ka ji shi, tambarin ƙasa a sama, sannan 'yan layuka kaɗan na bayani. Yau sun haura dubu. Abin da zai ba ka mamaki, ba 'yan ƙasa ne suka fara aikin ba. Gwamnan mulkin mallaka na Amurka, Frank Murphy, shi ya kafa kwamitin farko a 1933, aka fara manna alluna a 1934, da Turanci. Daga baya ne aka koma rubutawa da harshen ƙasa.

Labarin a taƙaice: Sifaniya ta riƙe tsibiran daga 1565 zuwa 1898. A 1892 Andres Bonifacio ya kafa ƙungiyar asiri ta Katipunan don neman 'yanci. Ranar 30 ga Disamba 1896 gwamnatin Sifaniya ta sa aka harbe likita kuma marubuci Jose Rizal a Manila, a filin da yanzu ake kira da sunansa. Ranar 12 ga Yuni 1898 Emilio Aguinaldo ya shelanta 'yanci a gidansa da ke Kawit. Wata shida bai cika da kyau ba, a birnin Paris, Sifaniya ta miƙa ƙasar ga Amurka a kan dala miliyan 20. Cinikin biri a sama ke nan, don a lokacin yawancin ƙasar ta riga ta fita daga hannun mai sayarwa. Sai da aka kai 4 ga Yuli 1946 Amurka ta sake su.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Ka dogara da su wajen sanin cewa wani abu ya faru, amma kada ka ɗauke su kamar hukuncin alƙali. Allo maganar gwamnatin da ta kafa shi ce, kuma gwamnati tana canza baki.

Dubi ranar da aka fara bore. A watan Agusta 1896 Bonifacio ya tara mutanensa a bayan garin Manila, kowa ya zaro takardar harajinsa, wadda ita ce shaidarsa in ɗan sanda ya tare shi a hanya, ya yayyaga ta a gaban jama'a. Wanda ya yi haka ya san babu sauran komawa gida. To, a ina aka yi, kuma yaushe? Shekara da shekaru ana bikin ranar 26 ga Agusta a Balintawak, inda aka kafa mutum-mutumi tun 1911. A 1963 shugaba Diosdado Macapagal ya ce a'a, ranar 23 ce, a Pugad Lawin. Tsofaffin da suka halarta ma bakinsu bai zo ɗaya ba, kuma har gobe masana na ja-in-ja. Shi wannan Macapagal ɗin ne ya ɗauke ranar 'yanci daga 4 ga Yuli ya mai da ita 12 ga Yuni a 1962, don kada a ce 'yancinsu kyautar Amurka ce. Haka kuma allon da ke nuna inda aka yi harbin farko na yaƙinsu da Amurka, a daren 4 ga Fabrairu 1899, ya daɗe a gadar San Juan, sai a 2003 aka cire shi aka kai unguwar Santa Mesa bayan sabon bincike. Ni wannan bai rage musu daraja a idona ba. Hukumar da za ta kwance ƙusa ta ɗauke allonta a bainar jama'a ta cancanci a saurare ta.

Akwai inda allo ke jin nauyin magana. Bonifacio ba Turawa ne suka kashe shi ba. 'Yan'uwansa masu bore, ɓangaren Aguinaldo, su suka yi masa shari'a a Maragondon suka harbe shi ranar 10 ga Mayu 1897, shi da ɗan'uwansa. Yau duka biyun gwarzaye ne, gidan da aka yi shari'ar ya zama gidan tarihi, gidan Aguinaldo ma haka. Layi goma ba za su ɗauki wannan ba, sai bakin malami.

Kuma tunda ɗalibanka za su tambaya: akwai Musulmi a kudancin ƙasar, a Mindanao da Sulu, kuma sun riga kowa daɗewa ana fafatawa. Sultan Kudarat ya yaƙi Sifaniya tun ƙarni na 17, har akwai lardi mai sunansa. A Bud Dajo, a tsibirin Jolo, sojojin Amurka sun kashe ɗaruruwan mutane a 1906, har da mata da yara. Amma ka ƙirga hasken rana takwas da ke jikin tutar ƙasar: larduna takwas ne da suka fara bore a 1896, dukkansu a arewa, a tsibirin Luzon.

Shawarata, Malam, kada darasin ya tsaya a Filifin. A nan bakin ƙofarku aka gwabza a watan Janairu 1902, tsakanin Lamiɗo Zubairu na Yola da sojojin Jamus ƙarƙashin Hans Dominik. A Kusiri, ranar 22 ga Afrilu 1900, Rabe da kwamandan Faransa Lamy suka mutu rana ɗaya, amma sunan Lamy ne ya zauna a kan babban birnin Cadi har 1973. Ka sa kowane ɗalibi ya rubuta allon da zai so a manna don yaƙin Marwa. Ka tabbata a cikinsu akwai Bafulatani, akwai ɗan Giziga, akwai ɗan Mafa, don abin da kakanninsu suka ba su labari game da dawakin lamiɓe ba ɗaya ba ne. Layi takwas kawai za ka ba su, kada ka ƙara. Biyun da suka fi saɓa wa juna ka turo mana, mu buga su a wannan shafi.