Hukuncin halartar walimar tunawa da Robert Burns

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina karatu a birnin Gilasgo na Sikotilan. Sashenmu ya gayyace mu walimar daren 25 ga Janairu, ta tunawa da haihuwar mawaƙinsu Robert Burns. Ya halatta in je?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa albarka a karatu.

An haifi Burns a ƙauyen Alloway a 1759, ya rasu a 1796, abokansa kuma suka fara wannan walima a 1801 don tunawa da shi. Al'adar ƙasa ce, ba ta cikin ibadodin coci. Akwai malaman da ke hana duk wani bikin ranar haihuwa, ana kuma girmama fahimtarsu, amma abin da na rinjayar shi ne asalin al'adu halacci. Sauraron waƙar wanda ba Musulmi ba ma bai zama laifi ba, domin Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya nemi sahabinsa Sharid ya karanto masa waƙoƙin Umayya bn Abis Salt, mawaƙin da bai musulunta ba, har baiti ɗari.

Matsalar tana kan teburi. A daren ana shigo da abincin da suke kira hagis ana busa algaitarsu, a karanta masa waƙa, a farke shi da wuƙa, sannan kowa ya ɗaga kofin wuski. Haka za a yi ta ɗaga kofi bayan jawabai. Giya a nan tana cikin tsarin bikin ne kansa. Hadisin Jabir da Tirmizi ya ruwaito kuwa ya ce wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Saboda haka zama a wannan teburi bai halatta gare ka ba, ko da ruwan lemo ne a hannunka. Haka ma rawar da maza da mata ke riƙe hannun juna a ƙarshe.

Shi hagis zuciya da hanta da huhun tunkiya ne ake niƙawa da kitse, albasa da garin hatsi, a dafa cikin tumbi. Kayan ciki halal ne in an yi yankan shari'a. Sai dai wasu kamfanoni na sa naman alade, wasu masu girki kuma na kwarara masa miya mai wuski, har kayan zaƙin ƙarshe ma ana sa musu wuskin. Ka tambaya kafin ka kai loma. Akwai na ganyayyaki zalla, akwai kuma na halal.

Idan za a yi zaman karanta waƙoƙi da rana, ko walimar da babu giya, je ka, har ka karanta musu baiti in ka iya, matuƙar ba na yabon giya ko batsa ba ne. In kuwa sai da wuski, ka ba su uzuri cikin ladabi, ka faɗa musu dalilinka a sarari.

Wallahu a'alam.