Na gama digiri a fannin abinci mai gina jiki: in tafi sanin makamar aiki cikin al'umma ko in jira na asibiti?

Tambaya: Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. Na gama digiri a fannin ilimin abinci mai gina jiki, sai wata ƙaramar ƙungiya da ke aikin tamowar yara ta ce in zo in yi sanin makamar aiki na wata shida, babu albashi sai ɗan alawus na mota. Ƙawayena sun ce ɓata lokaci ne, wai awon yara ne kawai da rabon abinci, gara in jira asibiti ko babbar ƙungiya. In je ko kar in je? Kuma in na je me zan koya da zai sa in samu aiki daga baya?

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata. Ki je, amma kafin ki ce musu to akwai abu ɗaya da nake so ki bincika, wato wa zai riƙa duba aikinki. Sunan ƙungiya bai dame ni ba sosai, ƙarama ce ko babba, abin da ya dame ni shi ne a samu ƙwararre guda ɗaya da zai tsaya a kanki kina auna yaro ya ce a'a sake, ba haka ake riƙe tef ba. In akwai wannan mutumin wata shidan nan zai fi miki shekara guda ta zaman jira amfani, in kuwa babu to za ki ƙare ne a kwafar takardu da ɗaukar hoto a wajen taro, kuma gaskiya wannan ya fi faruwa a manyan ofisoshi inda ƴan sanin makama suka yi yawa, ba wanda ke da lokacin kowa.

Maganar ƙawayenki ta "awon yara ne kawai" ita ce ta ɗan ba ni dariya, don awon nan shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya kuma mutane da yawa masu digiri ba su iya shi ba. Ɗauki awon damtse da ake ce wa MUAC, wanda ake yi wa yara daga wata 6 zuwa wata 59. Za ki kama hannun hagu, ki lanƙwasa shi, ki nemo ƙarshen ƙashin kafaɗa da tsinin gwiwar hannu, ki auna tsakaninsu ki sa alama a tsakiya, sannan ki saki hannun ya miƙe ya saki jiki kafin ki zagaya tef ɗin. In kin ja da ƙarfi kin matse naman kin mai da lafiyayyen yaro mai tamowa, in kin bar shi sako-sako kin sallami yaron da ya kamata a riƙe. A jikin tef ɗin ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 ruwan ɗorawa ne, matsakaiciya, daga 12.5 zuwa sama kore. Kin ga ke nan milimita biyu kacal na iya raba yaron da za a sa a magani da wanda za a ce wa uwarsa ta koma gida, kuma duk wannan kina yin sa ne yaro na tsala ihu yana fizge hannu, uwa ta ƙosa, layi ya yi tsawo a bayanta. Ba a koyon wannan a aji.

Haka awon tsayi. Yaron da bai kai shekara 2 ba a kwance ake auna shi a kan allo, mutum biyu, ɗaya ya riƙe kai ɗaya ya danne gwiwoyi ya tura katakon zuwa tafin ƙafa, daga shekara 2 kuma a tsaye, kuma akwai bambancin kusan santimita 0.7 tsakanin awon kwance da na tsaye wanda dole a gyara in an auna ba ta yadda ya dace da shekarunsa ba. Sai duba kumburi, ki danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaro duka biyu na daƙiƙa 3, in kin ɗaga kika ga rami ya zauna a ƙafa biyun to wannan tamowa ce mai tsanani ko da sikeli ya nuna nauyinsa ba laifi, ruwa ne ya cika jikin. Sabbin shiga nan suke faɗawa, su ga yaro da kumatu su ce ai wannan ɓulɓul yake. Daga nan sai ki koyi ɗora awon a kan ma'aunin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, ta fitar a 2006, ki bambance tsumburewa, wato tsayi bai kai na shekaru ba, da rama, wato nauyi bai kai na tsayi ba, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Ƙididdigar da UNICEF da WHO da Bankin Duniya suka fitar ta nuna a 2022 yara ƴan ƙasa da shekara 5 kusan miliyan 148 ne suka tsumbure, miliyan 45 na fama da rama, wasu miliyan 37 kuma ƙiba ce ta yi musu yawa, to ki gaya min ta yaya asibitoci za su ɗauke wannan su kaɗai.

Dalilin da ya sa ma aikin ya fito daga asibiti ya shigo unguwa ke nan. Da can sai an kwantar da yaro da uwarsa makonni, ta bar sauran ƴaƴanta da sana'arta, da yawa ba sa zuwa, waɗanda suka zo ma sai su gudu kafin a sallame su. A 1996 likitan nan na Faransa André Briend tare da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset suka haɗa Plumpy'Nut, markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da mai da sukari da bitamin da sinadarai, ƙunshi ɗaya giram 92 mai kalori 500, ba a dafawa ba a zuba ruwa, shi ya sa ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin yaɗuwa a ciki. Wannan ya sa aka iya jinyar yawancin yaran a gida, uwa ta riƙa kawo shi awo duk sati, kuma a 2007 WHO da UNICEF da hukumar abinci ta WFP suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa suka amince da tsarin. Abin da ƙawayenki ke kira rabon abinci magani ne da ake bayarwa daidai da nauyin yaro, kuma kafin a ba shi sai an gwada ko yaron na da sha'awar ci, a zaunar da uwa a gefe ta wanke hannu ta ba shi a hankali ana kallo. In ya ƙi ci, ko yana amayar da komai, ko jikinsa ya saki ba ya kula kowa, ko zazzaɓi ya yi zafi, ko kumburin ya hau har fuska, wannan ba naki ba ne, asibiti za a tura shi inda za a fara da madarar jinya ta musamman da ake ce wa F-75 kaɗan-kaɗan kafin a kai ga F-100 wadda ta fi ta ƙarfi, don in aka ɗura wa irin wannan yaron abinci da yawa lokaci guda zuciyarsa na iya gazawa. Sanin inda hurumin ki ya tsaya yana cikin abin da za a tambaye ki a intabiyu, ki riƙe wannan.

Toh sai rajista, wadda kowa ke gudu. Dan Allah ke kar ki gudu, ki ce a ba ki. Duk wanda ya iya cike rajista da katin yaro ba tare da kankare-kankare ba, ya iya haɗa rahoton wata, ya san yara nawa aka ɗauka, nawa suka warke, nawa suka daina zuwa, nawa suka rasu, shi ne ake riƙewa in kuɗin ɗaukar ma'aikata ya zo. Ƙa'idar Sphere da ƙungiyoyin agaji ke bi ta ce a shirin tamowa mai tsanani waɗanda suka warke su haura kashi 75 cikin 100, waɗanda suka rasu kar su kai kashi 10, waɗanda suka daina zuwa kar su kai kashi 15. In kika ga adadin masu daina zuwa na hawa kar ki tsaya a lamba, ki bi masu sa-kai gida-gida ki ji dalili, wata nisa ne, wata ranar awo ta ci karo da ranar neman abincinta, wata kuma wata ma'aikaciya ce ta yi mata tsawa a gaban mutane ta rantse ba za ta sake takowa ba. Irin wannan bayanin in kika kawo wa shugabarki a rubuce a shafi ɗaya, wallahi ba za ta manta da sunanki ba. A gefe ki zage ki iya Excel sosai, ki koyi cike fom a waya da KoboToolbox ko ODK, in da hali ki taɓa WHO Anthro, manhajar lissafa awon yara, kuma in aka ce za a yi binciken SMART, wato ƙididdigar yawan tamowa a yanki, ki roƙa a sa ki ko da riƙe allo ne, don a can ne ake gwada hannun kowa, ki auna yara 10 sau biyu a ga ko awonki na farko ya yi daidai da na biyu, manhajar binciken ma tana tona asirin mai cika lamba zuwa 0 ko 5 don lalaci.

Magana da iyaye mata kuwa sai dai ki zauna kusa da wadda ta daɗe tana yi ki saurara. Saƙonnin kin san su tun a makaranta, a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, nono zalla har wata 6 ko ruwa babu, sannan a fara ƙarin abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye, yaro ɗan wata 6 zuwa 23 ya samu aƙalla rukuni 5 cikin rukunin abinci 8 a rana. Matsalar ita ce uwar da ke gabanki ma sau da yawa ta san su. Abin da ya hana ta shi za ki tono, kuma ba za ki same shi da "me ya sa ba kya ba shi ƙwai" ba, sai dai "jiya tun da ya tashi me ya fara ci, bayan nan fa, wa ya ba shi", a haka za ki gane cewa da rana ƴar uwarsa ƴar shekara takwas ce ke riƙe da shi, ko kakarsa ce ke yanke abin da zai ci, ke kuma kin ɓata minti ashirin kina wa'azi ga wadda ba ita ke da ta cewa ba. Ki ba ta shawara ɗaya ko biyu da za ta iya da abin da ke gidanta, sati mai zuwa ki tambaye ta ya aka yi.

Kafin ki fara ki nemi takarda a rubuce mai ranar farawa da ta gamawa, ayyukanki, sunan mai kula da ke, da alawus ɗin. Ki kuma tambayi hukumar da ke ba da lasisi a ƙasarki ko za ta lissafa miki watannin, don a ƙasashe da yawa mai tsara wa marasa lafiya abinci a asibiti sai da rajista da horo na musamman, a Amurka misali sai an yi aƙalla awa 1000 a ƙarƙashin kulawa, kuma tun 2024 sai da digiri na biyu. In asibiti ne burinki na ƙarshe to ki san wannan tun yanzu. Wanda ya ce ki biya kuɗin fom don ya sama miki gurbi a hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ɗan damfara ne, ba sa karɓar ko sisi a wajen ɗaukar ma'aikata. Haka in kika ga aikin ya koma tallata madarar gwangwani ga masu jego da sunan wayar da kai ki tattara ki fita, tun 1981 akwai ƙa'idar duniya da ta hana raba samfurinta kyauta ga iyaye mata. Sai hoton yaran mutane, kar ki ɗora a Facebook don a ga kina aiki, ko da uwar ta yi murmushi ba izini ta ba ki ba.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika yi duk sati, yara nawa kika auna, rahoto nawa kika haɗa, taron iyaye nawa kika jagoranta da kanki, don ranar rubuta takardar neman aiki "na taimaka wajen ayyukan abinci mai gina jiki" ba ta cewa komai. Kwasa-kwasan kyauta na Agora na UNICEF ki yi ko biyu ne da daddare, ki riƙa leƙa ReliefWeb, shafin da ƙungiyoyin agaji ke tallata guraben aiki, ki ga abin da masu ɗaukar aiki ke nema ko ba ki shirya nema ba tukuna.

Ana saura wata ɗaya ki gama ki je wajen shugabarki ki ce mata kai tsaye kina neman aiki, ki roƙi wasiƙar shaida tun kina gabanta, in kin tafi sai ki yi ta kira ana ce miki gobe. Aikin farko a wannan fannin galibi gajere ne, mai tattara bayanai na sati uku, mataimakiyar jami'i na wata shida, ki karɓa, daga irinsu ake hawa. In kuma wata shida ya cika suka ce ki ƙara wasu shidan a kan alawus ɗin mota, ki tambaye su wane sabon abu za ki koya kuma yaushe gurbi zai buɗe. In sun ba ki amsa mai rana da wata ki duba, in kame-kame suka fara ki yi musu godiya ki karɓi wasiƙarki, don a lokacin aikin ma'aikaciya kike yi musu kyauta.