Maigidana na kan kimo (maganin sankara), zazzaɓi da faɗa sun sa ni gaba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min da shawara. Maigidana ne likitoci suka ce yana da sankarar jini, an fara mai kimo, to tun daga nan bakinsa duk ya yi gyambo ko ruwa da ƙyar yake haɗiya, jiya da dare jikinsa ya yi zafi na ba shi farasitamol ya sauka. Ga faɗa, mutumin da ko tsawa bai taɓa min ba yanzu abu kaɗan sai ya hau ni, wallahi na rasa inda zan sa kaina. A sakaya sunana.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne.

Zancen zazzaɓin nan shi ya fi tayar min da hankali. Kin ga kimo ba ta bambance ƙwayoyin cutar da masu lafiya, tana kakkarya fararen ƙwayoyin jini da ke yaƙi da cuta, kuma sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye. A kwanakin nan ƙaramar cuta ma tana iya bin jini cikin 'yan awanni. Farasitamol ɗin da kika ba shi rufe zafin kawai ya yi, abin da ya kawo shi yana nan, don haka yau ɗin nan ki kira likitansa ki faɗa mai, ko da kin ga ya warware. Ki nemi ma'aunin zafin jiki ki ajiye kusa da gado, duk sanda zafin ya kai digiri 38 na Celsius, ko kika ga yana rawar sanyi ko yana sambatu, ku tafi imajensi ko ƙarfe biyun dare ne, kuna shiga ki ce musu yana kan kimo, don ana so a sa mai antibayotik ta jijiya cikin awa 1.

Kar a ba shi asfirin ko ibuprofen sai da izinin likita, ƙwayoyin da ke tsayar da jini su ma sun ragu. Haɓo ko jinin dasashi da ya ƙi tsayawa, ko baƙin bayan gida, shi ma asibiti. Maganin gargajiya da za a yi ta kawo muku, ki karɓa da godiya amma kar ya sha sai likita ya gani. Mai mura ya yi dubiya ta waya.

Bakin kuwa, burushi mai laushi, kurkura da ruwan ɗumi da ɗan gishiri sau da yawa a rana, abinci mai taushi mara yaji. In ya kasa shan ruwa ku koma, akwai maganin da ke rage raɗaɗin.

Faɗan nan ki duba magungunansa, in akwai prednisolone ko dexamethasone to ba mamaki, suna hana barci suna sa saurin fushi, ga ciwo ga fargaba a kai. Ki sanar da likita, kar dai ku tsayar da maganin da kanku. Ke ma ki samu wani cikin 'yan uwa ya riƙa karɓarki ki ɗan runtsa, in kuma kukan ya zo ki yi abinki. Amai ko fitsarinsa a kwana 2 na farko bayan kimo ki sa safar hannu kafin ki taɓa, saboda ragowar maganin na fita ta nan.