Ɗalibata ta dawo daga Agadas, manya sun ce a yi sulhu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a makarantar 'yan mata a Daura. Ɗalibata mai shekara 15 ta ɓace zango biyu, ashe wata hajiya ce ta tsallaka da ita ta iyakar Kwangwalam zuwa Agadas a Nijar da sunan aikatau. An dawo da ita, amma ba ta magana, ba ta sakewa da kowa. Ina so in tsaya mata, sai dai ina tsoron aikina da fushin iyayenta. Manyan unguwa sun ce a kira hajiyar a sasanta, tunda da yardar uwar aka tafi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Koyarwa ba ta hana ki wannan aiki, ke ce ma mai ganin yarinyar kullum. Ki rufa mata asiri a aji, ki taimaka mata ta cimma darussan da suka wuce ta, ki kai rahoto ta hannun shugabar makaranta zuwa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, ko sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Bincike, asibiti da masauki nasu ne. Kada ki sa hotonta a Facebook ko WhatsApp da sunan neman taimako.

Sai maganar sulhu, wadda na gaji da ji. "Ai da yardar uwarta" ba hujja ba ce ko kaɗan. Yarjejeniyar Palermo ta 2000, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kan safarar mutane, da dokar Najeriya ta hana safarar mutane ta 2015, wadda ta maye gurbin ta 2003, duk ba su ɗauki yarda a matsayin kariya ba idan wanda aka kwasa bai kai shekara 18 ba. To uwar ma da me ta yarda? An ce mata wanke-wanke da shara, an damƙa mata kuɗin wata ɗaya ko biyu. Ba wanda ya gaya mata za a ɗora wa 'yarta bashin mota da na abinci wanda ba ya ƙarewa, ko abin da ke jiran 'yan mata a hanyar Libiya da Aljeriya.

Kin san yadda zaman sulhun nan yake kasancewa? A zaunar da yarinya gaban wadda ta cuce ta, hajiya ta zaro lissafin kuɗin da ta ce ta kashe, iyaye su koma su ne masu ba da haƙuri. Wani dattijo ya ce a bar wa Allah, a shafa fatiha, a tashi. Yarinya ta gane ba mai tsaya mata, bakinta ya ƙara rufewa. Wani lokaci ma a yi saurin aurar da ita wai don a rufe zancen, karatu ya mutu ke nan. Ita kuwa hajiya ta fita da mutuncinta, ta koma gida na gaba, ko ta dawo neman ƙanwar. Ga shi tun Nuwamban 2023 Nijar ta soke tata dokar ta 2015 da ta hana jigilar baƙin haure, hanyar Agadas ta sake buɗewa. Dattawa, ku ji tsoron Allah, wannan ba rikicin gona ba ne da ake rabawa a zaure.

Kada ki halarci zaman, kada ki tunkari hajiyar da kanki, irinsu ba su kaɗai suke aiki ba. Idan shugabar makaranta ta yi ta jan ƙafa, doka ba ta hana ki kai rahoton da kanki ba, kuma ki nemi a ɓoye sunanki.